Wa ke rubuta tambayoyin gasar kacici-kacici, kuma ina suke tafiya bayan an tashi?

Baban Ummi (Bajiniya, Amurka):
Assalamu alaikum malamai da iyaye na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ga gara in kawo shi nan, tunda yawancinku harkar makaranta kuke yi.

'Yata Ummi tana cikin tawagar kacici-kacici ta makarantarsu. Ranar Asabar na je ɗauko ta daga atisaye, sai na tarar malamarsu ta fito da wani tsohon kwali cike da takardu, wasu har sun fara ja, bakinsu ya nannaɗe. Tambayoyin gasar shekarun baya ne. A saman takardun akwai haruffa biyar, HSAPQ. Kamfani ne, cikakken sunansa High School Academic Pyramid Questions, an kafa shi a 2008, kuma sana'arsa ita ce rubuta wa makarantun sakandare tambayoyin gasa. Ya yi shekaru yana rubuta na gasar makarantun jihar nan. Shi ne kuma ya fara wata gasa mai suna NASAT a 2010, wadda kowace jiha ke tsamo zaratan ɗalibanta ta haɗa su tawaga ɗaya. Yau kamfanin babu shi. Tun 2018 wata ƙungiya dabam, IQBT, ke riƙe da NASAT ɗin.

Na tsaya bakin ƙofa kusan minti ashirin ina kallo. Yara takwas, huɗu nan huɗu can, kowa da maɓallin ƙararrawa a hannu, suna ta fafatawa a kan tambayoyin kamfanin da ya riga ya rufe. Nan na tuna gasar da muka yi ta yi a sakandare a gida. Wa ya rubuta mana tambayoyin nan? Ban taɓa tambaya ba. Kuma ina suke yanzu?

Malam Sani Zariya:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Amsar tambayarka ta farko ita ce: irinmu ne. Shekarata 17 ina koyar da kimiyya, kuma kusan duk gasar da aka yi a shiyyarmu da hannuna a ciki. Yadda ake yi, ana saura kwana biyu ko uku a kira ka a waya, "Malam, a taimaka mana da tambaya ɗari." Ka dawo daga aiki ka zauna da fitilar waya da littafin aji, ka yi ta tsinto su har dare ya raba.

Amsar ta biyu ta fi ciwo. Wata shekara na rubuta tambaya 300 da hannu ga wasu masu shirya gasa. An yi taro, an raba kofi, an yi hotuna, ba wanda ya ambaci masu tambaya ko da sau ɗaya. Bayan kamar wata guda na sayi ƙosai a bakin makaranta, ina buɗe takardar na ga rubutuna: "Wane sinadari ne alamarsa Na?" Mai ya jiƙe rabin shafin. Na daɗe ina riƙe da takardar nan.

Malama Hadiza (Kano):
Allah Sarki, Malam Sani. Allah ya biya ka.

Baban Ummi, mene ne ma'anar dala a sunan kamfanin? Na ga kalmar Pyramid, wato dala, a ciki.

Baban Ummi (Bajiniya, Amurka):
Amin. Malama, nan ne gishirin maganar yake. Ki tuna dalar gyaɗa ta Kano: buhu ɗaya a can ƙololuwa, ana saukowa tana faɗi, a ƙasa buhuna ba iyaka. Haka suke gina tambaya. Ba layi ɗaya ba ce, sakin layi ne guda, jimla huɗu ko biyar ko shida, duk a kan amsa ɗaya. Jimlar farko alama ce mai wuya wadda sai wanda ya yi karatu mai zurfi zai gane. Ta biyu ta ɗan fi sauƙi. Haka ake saukowa har ta ƙarshe, wadda kusan kowane ɗalibi mai zuwa aji ya sani. Yaro na da damar katse mai karatu a duk inda ya gane. Ya dace ya samu maki 10, a tsarin da aka fi bi kuma in ya katse ya yi kuskure a zare wa tawagarsa 5. Tawagar da ta ci sai a ba ta tambayar garaɓasa mai kashi uku, su yi shawara a tsakaninsu, maki 30 gaba ɗaya.

Hikimar ita ce wanda ya fi sani shi zai riga dannawa. A tambaya mai layi ɗaya kuwa, yara takwas duk sun san amsar a daƙiƙa ɗaya, wanda yatsansa ya fi sauri shi ya ci.

Bashir Injiniya:
Ku gafarce ni, ni ban gamsu ba. Wannan tsari na masu wutar lantarki ne da ɗakuna goma. Mu fa makaranta 30 muke tarawa a zaure ɗaya, janareta na kuka, lasifika na yankewa, babban baƙo yana duba agogo. A ce kowace tambaya sai an karanta jimla shida? Sai magariba ba a gama zagayen farko ba. Kuma saurin tunani shi ma ilimi ne. Likita a ɗakin gaggawa ba ya jiran jimla ta biyar.

Malama Hadiza (Kano):
Injiniya, saurin tunani dabam, saurin yatsa dabam. Bari in ba ka abin da na gani da idona. A wata gasa mai karatu ya ce, "Wane gari ne babban birnin Najeriya..." Yarinyarmu ta ɗaga hannu ta ce Abuja. Sai ya ƙarasa, "...kafin 1991?" Aka ba wa ɗaya makarantar, suka ce Legas. Zaure ya ɗauki ihu. Yarinyar nan ta fi kowa sanin tarihi a ajinta, ta san Legas ce, ta san shekarar da aka koma Abuja. Tambayar ce aka ɗana mata kamar tarko. Ta yi kuka a mota har muka iso, shekarar da ta biyo kuma ta ƙi shiga. Wannan ba gwajin ilimi ba ne.

Baban Ummi (Bajiniya, Amurka):
Daidai, Malama. Irin wannan tarkon shi ne babban abin da masu tsarin dala suka yaƙa. Dokarsu ita ce tun daga jimlar farko a sanar da yaro abin da ake nema: "wannan gari", "wannan sarki", "wannan sinadari". Kuma kowace alama ta nuna amsa ɗaya tak, ba biyu ba. Ba HSAPQ ne ya ƙirƙiro tsarin ba, kamfanin tambayoyi na NAQT da aka kafa a 1996 da wasu ƙungiyoyin sun riga shi, amma yana cikin waɗanda suka kai shi gasar jihohi inda aka saba da gajerun tambayoyi.

Malam Sani Zariya:
To ni abin da nake lissafawa shi ne aikin. Baban Ummi, tambaya nawa ke cikin wasa ɗaya?

Baban Ummi (Bajiniya, Amurka):
A tsarin da aka fi sani, 20 na ƙararrawa da 20 na garaɓasa.

Malam Sani Zariya:
To a ce gasar yini ɗaya tana buƙatar zagaye 14. Tambayar ƙararrawa 280 ke nan, kowace da alamomi biyar ko shida da sai an bincika an tabbatar. Ga garaɓasa 280, kowace kashi uku, 840. Sannan wani ya zauna ya tace, ya duba ba a maimaita amsa ba, ya duba tarihi bai danne lissafi ba, ya duba zagaye na uku bai fi na tara wuya ba. Wannan ba aikin dare biyu ba ne, aikin watanni ne na mutane da yawa.

Ga kuma abin da na gane game da sana'ar nan, ko a can ko a nan. Tambaya kamar ashana take, sau ɗaya take kamawa. Da zarar an karanta ta a zaure, ta tashi daga haja ta koma abin atisaye. Mai sayar da littafi zai buga ɗaya ya yi shekara goma yana sayarwa. Mai tambaya kuwa kowace shekara daga farko yake somawa, masu saye kuma makarantu ne, waɗanda kuɗin gasa shi ne na ƙarshe a jerin buƙatunsu. A ganina duk wanda ya yi kusan shekara goma a wannan harka ya yi ƙoƙari.

Abdul Zongo (Kumasi):
Salamu alaikum iyayena. Ina ta karantawa shiru, bari in sa baki. Mu nan Gana muna da gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, NSMQ. Kamfanin Primetime ke shirya ta, an fara a 1994, Prempeh College ta nan Kumasi ce ta fara ɗaukar kofin. In lokacinta ya zo, ko a zango ka shiga shagon aski za ka tarar ana kallo, mutanen da ba su san ko alama ɗaya ta sinadari ba suna ta musu kamar ƙwallo. Amma duk farin jinin nan, a 2010 da 2011 ba a yi ta ba, saboda babu mai ɗaukar nauyi. Shekara biyu cur. Yaran da suka kai ajin ƙarshe a lokacin haka suka fita ba su taɓa zama kan kujerar ba.

Kuma Baba Injiniya, akwai abin da zai ba ka sha'awa. A NSMQ akwai zagayen kacici-kacici inda Farfesa Elsie Effah Kaufmann ke karanta alamomi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gane da wuri ya fi samun maki. Kusan dalar da Baban Ummi ke faɗa ce. Kuma shi ne zagayen da zaure ya fi yin tsit.

Bashir Injiniya:
Na ji, Abdul. Zagaye ɗaya na yarda. Gasa gaba ɗaya ce ban yarda ba.

Ina tuna Zain Africa Challenge da muke kallo a talabijin muna jami'a, wanda John Sibi-Okumu ɗan Kenya ke gabatarwa. Jami'ar Ibadan ta ci a 2009, muka yi ta murna kamar mu muka ci. Airtel ya sayi Zain na Afirka a 2010, shirin kuma bai wuce wannan shekarar ba. Ina tambayoyinsu? Ina ma'aikatansu? Shi ya sa nake cewa matsalarmu ba siffar tambaya ba ce. Matsalarmu gasa ta rataya a wuyan mai talla, ya saki ta faɗi.

Baban Ummi (Bajiniya, Amurka):
Wannan shirin ma jininsa daga nan Amurka yake, Injiniya. Richard Reid ne ya shirya shi, na gidan College Bowl, shirin kacici-kacici na jami'o'in Amurka, wanda aka fara a rediyo a 1953, wanda kuma Ingila ta kwaikwaya ta yi University Challenge a 1962. Su ma College Bowl sun dakatar da gasarsu ta cikin jami'o'i a 2008.

Amma tunda kana maganar wuta da zaure, akwai wani tsohon tsari da na san zai dace da tunaninka. Wani kamfani a garin Durango na jihar Kolorado, Academic Hallmarks, ya yi wata gasa mai suna Knowledge Master Open daga 1983 har 2013. Ba wanda ke tafiya ko'ina. A aiko wa makaranta tambaya 200 na zaɓi a faifan kwamfuta, yara su taru a gaban kwamfuta ɗaya su yi ta gardama, ɗaya yana danna amsa, sannan a aika sakamako a jera makarantu. Shekara talatin ana yi.

Bashir Injiniya:
Yawwa! Wannan ita ce maganar. Kwamfuta ɗaya mai caji, ba haya mota, ba abincin baƙi, ba kujerar babban baƙo. Makarantar ƙauye za ta iya karawa da ta birni. Wannan zan iya tsaya masa.

Malama Hadiza (Kano):
Sai dai fa shi ma sai an samu mai rubuta 200 ɗin, Injiniya. Duk inda muka zaga, kan Malam Sani muke dawowa.

Ni dai tun ɗazu na ɗauki biro. Ku duba mini wannan, ku gyara:

"A zamanin wannan sarki aka yi yaƙi da Katsina har shekara 11 ba wanda ya yi galaba. Ɗan Sarki Yakubu ne, ɗansa Abdullahi kuma shi ya gaje shi. Shi ya kafa majalisar Tara ta Kano. Shehu Magili ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon mulki. Ya kafa kasuwar Kurmi, ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Domin maki 10, wane sarki ne wanda har yau fadar Kano ke amsa sunansa?"

Wallahi jimla shida ɗin nan sun ci mini fiye da rabin awa, kuma darasina ne, kowace shekara ina koyar da shi.

Abdul Zongo (Kumasi):
Muhammadu Rumfa! Amma gaskiya sai a Kurmi na gane, Anti.

Alhaji Garba (tsohon shugaban makaranta, Sakkwato):
Madalla da ke, 'yata. Ni a Magili na tsaya. Kuma nan ne zan yi miki gyara, in kin yarda. Kin sa Magili kafin Kurmi saboda ke Bakanuwa ce, a wurinki Kurmi ita ce mai sauƙi. Yaron nan Sakkwato da ya yi islamiyya mai kyau zai iya jin labarin Magili tun bai taɓa jin sunan Kurmi ba. Ashe tsarin alamomin ya danganta da yaran da za a karanta wa. Na biyu, kin ambaci Kano tun a jimla ta uku. Da yaro ya ji "Kano" da "sarki" da zamanin da, zai yi caca ya ce Rumfa ko bai san komai ba, don shi ne sunan da ya fi yawo. Ki ce "majalisar manya tara", ki ɓoye Kano sai ƙasa.

Malama Hadiza (Kano):
Gaskiya ne, Baba. Ban lura ba sam. Na gyara. Amma Kurmi zan bar ta a inda take, don in na sa ta sama, yaranmu na nan duk za su danna tare.

Baban Ummi (Bajiniya, Amurka):
Ranka ya daɗe, abin da ka yi yanzu shi ne aikin da ake kira tacewa a can, kuma shi ne ake ba wanda ya fi kowa gogewa. Na karanta wa Ummi tambayar Malama da Hausa. Ba ta san Rumfa ba, abin ya ɗan sosa mini rai, amma ta ce in sake karanta mata, ta kuma tambaye ni wane ne Magili. Mun kai rabin awa a kan teburin cin abinci muna maganar Kano. Wannan ma wani amfanin dalar ne: yaron da bai ci ba ya tashi da abu biyar da bai sani ba a da.

Alhaji Garba (tsohon shugaban makaranta, Sakkwato):
Bari in ƙara wani abu, don na ga ana ta maganar kamfani da masu talla. Muna da gasar da ba ta mutu ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke riƙe da ita tun 1986. Gwamnatoci sun zo sun wuce, tana nan, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. Dalili, tana da gida. Akwai ofis, akwai alƙalan da aka horar, akwai ƙa'idar da ba ta canzawa don wani ya ba da kuɗi. Na yi shekara 12 ina shugabantar makaranta, na halarci gasar kacici-kacici ba adadi, ban taɓa ganin wadda ke da ko durowa ɗaya da ake ajiye tambayoyinta ba. Har ni kaina ban ajiye ba, kuma ina da ofis da kabad. Wannan laifina ne, ina kuma jin nauyinsa yau.

Malam Sani Zariya:
Baba, ba kai kaɗai ba ne. Mu tunaninmu shi ne a ɓoye tambaya har bayan gasa ma, wai don a sake amfani da ita baɗi. Nan kuma ɓarna ke shigowa. Makarantar da malaminta ya taɓa gani ta samu fifiko, sai ka ga yaro ya amsa tun ba a gama kalma ta uku ba, kowa ya san abin da ya faru, ba mai iya magana. Da a ce ana sakin tsofaffin ga kowa, dole a rubuta sababbi, kuma yaron ƙauye ya samu abin atisaye daidai da na birni.

Baban Ummi (Bajiniya, Amurka):
Haka ake yi a nan da yawancinsu. Bayan an gama amfani da su sai a zuba a rumbun intanet, kowa ya sauke kyauta. Na HSAPQ ma suna cikin waɗanda ake samu. Shi ya sa kamfanin ya tafi, aikinsa bai bi shi ba.

Bashir Injiniya:
Har yanzu ina kan bakana cewa zaure mai makaranta 30 ba zai ɗauki dogayen tambayoyi ba. Amma in wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe ne kawai, to. Ƙararrawar ma ba wani abu ba ce, maɓalli takwas da ƙwan fitila da batir, wanda ya riga dannawa ya kulle sauran. Zan haɗa ɗaya in gwada. Malam Sani, in ta yi aiki kai zan fara kawo wa, Kaduna da Zariya ba nisa.

Sharaɗina ɗaya: duk gasar da za a yi da ita, a karanta sunayen waɗanda suka rubuta tambayoyin kafin a fara, kuma a sa kuɗinsu cikin kasafi tare da na lemo da kanofi.

Malam Sani Zariya:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na karɓa. Akwai littattafai biyu na tsofaffin tambayoyina da suka tsira a gida, zan fara buga su a waya daga daren yau. Gajeru ne, amma za a iya gina dala a kan wasu.

Malama Hadiza, ki riƙe tarihi. Baba Alhaji, in ba za mu takura maka ba, kai ne mai tacewa.

Alhaji Garba (tsohon shugaban makaranta, Sakkwato):
Ba takura. Sai dai ku turo da manyan haruffa, idon ya yi rauni. Kuma kowace alama a rubuta mini littafin da aka samo ta a gefe, ba zan wuce da abin da ban tabbatar ba.

Malama Hadiza (Kano):
To Baba. Ga ta biyu nan na fara, a kan Nana Asma'u. Na rasa inda zan sa 'yan taru, ƙungiyar karantar da mata da ta kafa: a tsakiya ko can ƙasa? A Kano zan ce tsakiya, amma na san abin da za ka ce game da yaran Sakkwato.

Alhaji Garba (tsohon shugaban makaranta, Sakkwato):
Ƙasa, 'yata, dab da ta ƙarshe. Turo sauran in gani.